Bishiyar farnan mai ɓawon matoshin kwalba: tambayoyi da amsoshi kan shuka da kulawa

Yawancin masu yin waɗannan tambayoyi ɗaliban ilimin gandun daji ne, sai 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai gonakin Sifen, Fotugal, Italiya ko ƙasashen Magrib, sai kuma waɗanda suka ga bidiyon ana saɓule wa bishiya ɓawo kamar ana tuɓe riga, suka kasa gane yadda take rayuwa bayan haka. Na kira ta farnan domin shi ne sunanta a bakin mutanen Maroko, Aljeriya da Tunisiya, kuma ya fi zama daidai a harshen Bahaushe.

Wace bishiya ce farnan, kuma a ina take fitowa?

Ɗaya ce daga cikin dangin itatuwan da Larabawa ke kira balluɗ, sunanta na kimiyya Quercus suber. Mutanen Fotugal suna ce mata sobreiro, na Sifen kuma alcornoque. Ba ta zubar da ganye gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara. Ganyen ƙanana ne masu tauri, samansu kore shar, ƙasansu ruwan toka. Tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 10 da 15, wata ta kai 20, kuma idan ta sami fili takan baje rassa ta yi inuwa mai faɗi irin ta ɗorawa. Tana kai shekara 200, wasu ma su zarce.

Gidanta yammacin Bahar Rum ne: Fotugal, Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, kudancin Faransa da tsibirin Kosika, sai Italiya, musamman tsibirin Sardiniya. Duka-duka dazukanta sun ɗan haura hekta miliyan 2. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana Fotugal, mafi yawa a yankin Alentejo, kuma daga ƙasar ake samun kusan rabin ɓawon da duniya ke amfani da shi. A nahiyarmu akwai dajin Ma'amura kusa da Rabat da Kenitra, da duwatsun Jijel, Collo da El Kala a Aljeriya, da yankin Ain Draham da Tabarka a Tunisiya.

Mun san bishiyar da aka zagaye ta da ɓara mutuwa take yi. Me ya sa ita ba ta mutuwa?

Gaskiya ne. Duk wanda ya ga madacin da masu neman magani suka ɗaye wa ɓawo har suka zagaye gindinsa ya san ƙarshensa bushewa. Dalili shi ne ɓawon bishiya hawa biyu ne. Na ciki mai rai ne, ta cikinsa abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Na waje kuwa matacce ne, aikinsa kariya kawai. A yawancin itatuwa waɗannan biyu manne suke da juna, ba ka cire ɗaya sai ɗayan ya biyo.

Ita farnan, na wajen nata yana yin kauri sosai, kuma a watannin da take tsakiyar girma akwai wani siririn layi na sabbin ƙwayoyin halitta masu laushi tsakaninsa da na ciki. A wannan layin ɓawon ke rabuwa. Na cikin yana nan manne da itace, abinci na ci gaba da sauka, kuma cikin kamar wata guda sai ya kafa sabon layin da zai fara haifar da wani ɓawo. Mutanen Sifen da Faransa suna kiran wannan ɓawo na ciki "uwa", sunan kuwa ya dace, don duk inda gatari ya ci uwar, wurin ba ya sake yin ɓawon kirki. A wajenmu kuka ce ke da hali mai kama da wannan, tana warkewa bayan an ɗebi ɓawonta don igiya, ko da yake yadda take yi daban ne.

Me ake yi da ɓawon har ake wahalar renon bishiyar?

Ɓawon cike yake da ƙananan ɗakuna masu iska a ciki, kusan miliyan 40 a gutsuren da bai fi santimita ɗaya ta kowane gefe ba, kuma bangonsu yana ɗauke da wani sinadari mai kama da kakin zuma da ake kira subarin. Shi ya sa ba shi da nauyi, yana yawo a kan ruwa, ruwa ba ya ratsa shi, zafi da ƙara ba sa wuce shi da sauƙi, idan aka matse shi kuma ya koma yadda yake. A cikinsa Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya fara ganin ƙwayoyin halitta da madubin ƙara girma, ya bayyana wa duniya a 1665.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin wannan sana'a daga matoshin kwalba yake fitowa, mafi yawansu kuma kwalaben giya ne. Wanda zai shiga aikin ya shiga da saninsa, ya auna da kansa. Sauran amfanin suna da yawa: daɓen ɗaki, allunan hana zafi shiga gini, tafin takalmi, gasket na inji, allon liƙa sanarwa, abin da ke ɗaga ragar masunta, cikin ƙwallon wasan kurket, har da rufin kariyar zafi a jikin wasu kumbon sama jannati.

Wane yanayi da wace irin ƙasa take so?

Tana son wurin da ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi, zafi kuma ya zo babu ruwa. Milimita 600 zuwa 1,000 a shekara ya fi yi mata daɗi, tana kuma lallaɓawa da ƙasa da haka idan tana kusa da teku inda iska ke da laima. Tana jure zafin da ya kai digiri 40, amma sanyin da ya yi ƙasa sosai da ma'aunin ƙanƙara yana ƙona ta, musamman tana ƙarama.

Ta fuskar ƙasa ba ta da tsada: jigawa mai zurfi, ko ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Abu biyu ne ba ta shiri da su. Na farko ƙasa mai yawan sinadarin farar ƙasa, inda ganyenta ke yin rawaya ta tsumbure. Na biyu laka mai riƙe ruwa, don saiwarta na buƙatar iska, kuma a irin wannan wuri cutar ruɓewar saiwa ta fi yin ɓarna, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi cututtuka.

To za ta yi a ƙasar Hausa?

Ban ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a kai ba. Lissafin shekararmu kishiyar nata ne. Mu ruwanmu yana zuwa tare da ɗumi, sanyinmu na hunturu kuma busasshe ne ƙayau. Ita kuwa a sanyi take shan ruwa ta tara, ta yi girma idan ɗumi ya fara. A Kano, Sakkwato ko Damagaram za ta sha watanni bakwai ko fiye babu ruwa, ga iskar hunturu, ga zafin bazara. A Jos ko Mambila akwai sanyi, sai dai damina mai tsawo da laima ita ce abin da cutar saiwa ke so.

Inda aka kai ta ta zauna, wurare ne da ake samun ruwan sama a lokacin sanyi. An shuka ta da yawa a Kalifoniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka ta ji tsoron yankewar ɓawo daga Turai, akwai kuma wani gandu a Kanbera ta Ostireliya da aka fara dasawa a 1917. Duk da haka babu ɗayansu da ya zama babbar sana'a. Wanda ke son bishiyar da ake ci daga jikinta ba tare da an sare ta ba, muna da namu: dakwara mai ba da ƙaro, kaɗanya, ɗorawa, kuka.

Yaya ake samun iri, kuma yaya ake adana shi?

Irinta 'ya'yanta ne, ƙwallo mai tsawo kamar dabino, mai ɗan hula a ka. Bishiya takan fara yin 'ya'ya tana da shekara 15 zuwa 20, ba kuma kowace shekara take cika ba. Suna faɗowa kashi uku, daga Satumba har Janairu, kuma na tsakiya, wato na Nuwamba da Disamba, su suka fi yawa, su ake fi so don shuka. A tsinta daga ƙarƙashin bishiyoyi masu lafiya, miƙaƙƙu, waɗanda aka san ɓawonsu mai kyau ne, kuma daga bishiyoyi da yawa na yankin da za a shuka. A zuba su cikin bokitin ruwa: wanda ya taso sama ko mai ɗan huji, tsutsa ta riga ta ci, a zubar.

Babban kuskuren da manomin gero zai yi shi ne ya shanya su. Mun saba iri sai ya bushe ake kai shi rumbu, amma ƙwallon farnan idan ya bushe ya mutu. Kwana kaɗan a rana ko a ɗaki mai zafi ya isa ya kashe shi. Abin da ya fi shi ne a shuka cikin 'yan kwanaki. Idan dole sai an jira, a sa a leda mai huji ko cikin yashi mai ɗan danshi, a ajiye a sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 3, wanda zai riƙe su 'yan watanni.

A shuka ƙwallon kai tsaye a gona, ko a fara renonsa a leda?

Kowanne da ribarsa da hasararsa. Farnan tana fara tura uwar saiwa can ƙasa tun kafin a ga ganye a sama, kuma wannan saiwa ita ce za ta cece ta a ranin farko. Idan aka shuka kai tsaye, saiwar na tafiya yadda take so, babu abin da ya tare ta. Ana kwantar da ƙwallon a gefensa, zurfin santimita 3 zuwa 5, biyu ko uku a rami, daga baya a bar mafi ƙarfi. Matsalar ita ce ɓeraye, zomaye da aladun daji, waɗanda kan tone gona guda cikin 'yan darare.

Idan reno za a yi, kada a yi amfani da gajeriyar leda irin ta dashen mangwaro. Saiwar za ta kai ƙasa ta nannaɗe, kuma bishiyar da ta fara rayuwa da nannaɗaɗɗiyar saiwa ba ta gyaruwa. Ana amfani da dogon mazubi, aƙalla santimita 20, mai buɗaɗɗen gindi, a ɗora shi a kan raga don saiwar ta tsaya da kanta idan ta ji iska. A dasa kafin ta wuce shekara guda, bayan ruwan farko na Oktoba ko Nuwamba ya jiƙa ƙasa, domin ta sami watannin sanyi duka tana kafa saiwa. Ana fara gona da 'yan ɗaruruwan tsirrai a hekta, a riƙa ragewa a hankali har a tsaya a kusan 100.

Wace kulawa take buƙata a shekarun farko?

Rani biyu na farko su ke kashe mafi yawan dashe. Inda da hali, a ba ta ruwa sau biyu ko uku a tsakiyar zafi, mai yawa wanda zai nutse, don yayyafi a sama yana jawo saiwa ta tsaya a fatar ƙasa. A cire ciyawar da ke gindinta da fartanya, a rufe wurin da busasshen haki. Ana kuma zura mata bututun roba mai huji ko a zagaye ta da ragar waya, saboda zomaye da dabbobin kiwo.

Kada hankali ya tashi idan saman ya bushe a ranin farko. Tana da ajiyar abinci da idanun toho a wuyan saiwa, sau da yawa sai a ga ta sake fitowa da ruwan farko. A jira har shekara ta zagayo kafin a ce ta mutu.

Ana aske mata rassa?

Ana yi, kuma manufar ɗaya ce: a sami miƙaƙƙen jiki mai tsawon mita 2 zuwa 3 babu reshe, domin daga nan manyan allunan ɓawo za su fito. Ana farawa tana ƙarama, a zaɓi kai ɗaya, a cire masu yi masa kishiya, sannan a riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan bayan 'yan shekaru. Dokar Fotugal ta keɓe wannan aiki tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris. Babbar bishiya kuwa a bar ta, sai busasshen reshe. Da can ana datse manyan rassa don itacen wuta da gawayi, kuma yawancin kogunan ruɓa da ake gani a jikin tsofaffin bishiyoyi yau daga nan suka samo asali.

Shekara nawa ake jira kafin ɓawon farko?

Kimanin 25. Doka ba ta ƙirga shekaru ba, kauri take aunawa: a Fotugal sai kewayen jikin bishiyar ya kai santimita 70, an auna a tsawon mita 1.30 daga ƙasa. Wannan ɓawo na farko, da suke kira budurwar ɓawo, tsattsage ne, mai gargada, ba ya yin matoshi, niƙa shi ake yi don daɓe da alluna. Bayan shekara 9 a ɗebi na biyu, ya ɗan fi kyau amma bai kai ba. Sai a ɗiba na uku, bishiya tana da shekara 43 ko fiye, ake samun mai santsi da kauri iri ɗaya, wanda suke kira amadia, shi ne mai tsada.

Daga nan bishiya ɗaya za ta iya ba da ɓawo sau 15 ko 16 a rayuwarta. Mutanen Fotugal suna da magana cewa mai tunanin jikokinsa shi ke shuka sobreiro. Ƙasar tana da dokokin kare ta tun ƙarni na 13, dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2001 ce, wadda ta hana sare ta ba da izinin hukuma ba ko da ta bushe, kuma a Disamban 2011 majalisar dokoki ta ayyana ta bishiyar ƙasa.

Yaya ake ɓare ɓawon?

Daga tsakiyar Mayu zuwa Agusta ake yi, lokacin da layin nan mai laushi da aka yi bayani a amsa ta biyu yake cike da ruwa. Kayan aikin gatari ne mai faɗin baki, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, ƙarshen ƙotarsa kuma an fere shi ya yi fale-fale. Mutum biyu ne kan bishiya ɗaya, idan doguwa ce ɗaya ya hau tsani.

Mai ɓara zai nemi tsaga mafi zurfi a jikin ɓawon ya bi ta da sara daga sama zuwa ƙasa. Kowace sara sai ya ɗan murɗa bakin gatarin, yana saurare. Idan ya ji ƙara mai zurfi kamar an buga ƙwarya, ɓawon ya yarda. Idan ƙarar gajeriya ce busasshiya, ɓawon ya kama, sai ya bar bishiyar ya wuce, don tilasta mata na nufin yage uwa. In ya yarda, sai ya yanka a kwance a iyakar da za a tsaya, ya juya gatarin ya cusa ƙarshen ƙota tsakanin ɓawo da uwa, ya riƙa banƙarawa a hankali har allon ya saki, wani lokaci tsawon mutum, a lanƙwashe kamar rabin kwalekwale. A ƙarshe ya share guntayen da suka rage a gindi. Jikin bishiyar yakan fito da danshi, launin rawaya-rawaya, cikin 'yan makonni ya koma ja kamar jan ƙasa, bayan shekara ya yi duhu.

Iyakar tsawon ma dokar Fotugal ta faɗa: bai wuce ninki biyu na kewayen jiki a ɗiban farko, biyu da rabi a na biyu, uku daga nan gaba. Ba a ɓara ranar ruwan sama, ko ranar da iska mai zafi ke kaɗawa, kuma a shekarar fari mai tsanani masu hankali sukan ɗaga aikin zuwa baɗi. Sabon shiga ba ya taɓa gatari, ɗaukar alluna yake yi yana kallo har shekaru. Wannan na cikin ayyukan gona da aka fi biyan lada mai tsoka a Fotugal, kuma ya cancanci haka, domin sara ɗaya da ta zarce tana barin tabon da zai rage amfanin bishiyar har ƙarshen rayuwarta. Yanzu akwai ƙananan injuna masu auna kaurin ɓawo su yanka daidai, amma banƙarawar har yau yawanci da hannu ake yi.

Mece ce lambar da ake rubutawa da farin fenti a jikin bishiya?

Lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ɓare ta. Bishiyar da ke ɗauke da 4 an ɓare ta a 2024, ba za a sake taɓa ta ba sai 2033. Shekara 9 ita ce mafi ƙaranci a dokar Fotugal, saboda ɓawon 'yan milimita kaɗan yake ƙaruwa a shekara, matoshi kuma faɗinsa milimita 24 ne, don haka ana son allo mai kaurin milimita 27 zuwa sama. A Sardiniya shekara 10 ake jira, a Kataloniya ta Sifen da kudancin Faransa inda girma ya fi jinkiri akan kai 12 zuwa 14.

Za a iya noma da kiwo a ƙarƙashinta?

Haka ma aka saba. Tsarin da ake kira montado a Fotugal, dehesa a Sifen, bishiyoyi ne jefi-jefi, ƙarƙashinsu makiyaya ko gonar hatsi, kamar yadda gawo ke tsaye a gonakinmu ana noma gero a inuwarsa. Tumaki da shanu na cin ciyawa, baƙaƙen aladu na cin 'ya'yan da suka faɗo, ana kuma samun zuma da naman farauta. Amma abu biyu suna cin wannan tsari ta ƙasa. Na farko garmar tarakta mai faifai: ban da uwar saiwa, farnan na da ƙananan saiwoyi birjik a sama-sama, sun wuce iyakar inuwarta, garma kuma tana daddatsa su, ta buɗe wa cuta ƙofa. Injin yankan ciyawa da ba ya taɓa ƙasa ya fi.

Na biyu, kuma a ganina shi ne babbar matsalar farnan a yau, rashin 'yan baya. Za ka ga gandu mai kyau, manyan bishiyoyi reras, amma ka zagaya ba ka ga ƙarama ko ɗaya ba, don duk wadda ta tsiro baki ya cinye. Tumaki sai bishiya ta fi ƙarfin bakinsu, shanu kuwa suna karya ƙananan bishiyoyi da goga jiki, sai an kare su fiye da shekara 10. A dajin Ma'amura abin ya fi tsanani, domin 'ya'yan can masu zaƙi ne, mutane na kaɗo su da sanda su sayar a bakin hanya, abin da ya rage dabbobi su tsince. Dajin ya ragu ƙwarai a ƙarnin da ya wuce, an kuma maye wani sashensa da bishiyar turare. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a killace sashe-sashe bi da bi, ko a sa wa kowane tsiro ragarsa, kamar yadda aka faɗa a amsar shekarun farko.

Waɗanne cututtuka da ƙwari ne ke damun ta?

Mafi muni wata halitta ce mai kama da funfuna da ke zaune a ƙasa, Phytophthora cinnamomi. Tana iyo cikin ruwan da ya kwanta, ta ruɓar da ƙananan saiwoyi, sai bishiya ta kasa shan ruwa ko da akwai shi. Alamarta ganye ya yi ƙaranci, kan rassa ya bushe, wani lokaci bishiya ta bushe ɗungurungum cikin 'yan makonni a ƙarshen rani da ganyenta a jiki. Mutanen Sifen suna kiran wannan mutuwa seca, wato bushewa. Idan cutar ta shiga ƙasa ba ta fita, don haka rigakafi ne abin yi: kada a kai ƙasa ko dashe daga wurin da ya kamu, a wanke tayoyin tarakta, a hana dabbobi tattake wurin lokacin da yake jiƙe, a gyara hanyar ruwa.

Sauran sukan zo ne bayan bishiya ta raunana. Akwai ɗan ƙwaro Platypus cylindrus mai huda itace, ana gane shi da garin katako a gindi. Akwai tsutsar Coroebus undatus mai haƙa hanya kamar sawun maciji tsakanin ɓawo da uwa, ta ɓata allo ta sa ya kama lokacin ɓara. Akwai wata funfuna mai sa jiki ya fashe a ga baƙi kamar gawayi a ciki, da tsutsar Lymantria dispar mai cinye ganye. Shekarar da tsutsa ta tsige ganye ba a ɓara. Yana da kyau kuma a riƙa tsabtace bakin gatari idan an tashi daga bishiya mai cuta.

Idan gobara ta ci gandun fa?

A nan ɓawon ke nuna ainihin aikin da aka halicce shi dominsa. Wuta na babbake wajensa ya yi baƙi ƙirin, amma zafin ba ya kai wa ga uwa, kuma bayan 'yan watanni sai toho ya ɓarke daga jiki da rassa, alhali itatuwan da ke kusa sun zama toka. Sai dai wannan kariya ta dogara da kauri. Bishiyar da aka ɓare bana ko bara tsirara take, ita wuta ta fi kashewa, haka ma mai tsofaffin raunukan gatari. Shi ya sa ya fi kyau a raba gandu kashi-kashi, kada a ɓare duka a shekara ɗaya, a kuma rage ƙirare da busasshiyar ciyawa a gindin waɗanda aka ɓare.

Bayan gobara kada a yi gaggawar sara ko ɓara. A jira damina ta wuce a ga waɗanda suka farfaɗo, a ba su shekara biyu ko uku ganyensu ya dawo. Wadda samanta ya mutu, idan aka yanke ta daga gindi da izinin hukuma, sau da yawa kututturen na sake toho.

Ban ruwa zai iya rage shekarun jira?

Zai iya. Gwaje-gwajen da aka yi a Alentejo tare da Jami'ar Evora, inda ake ɗiga wa bishiyoyi ruwa da taki ta siririn tiyo, sun nuna ana kai wa kaurin ɓarar farko cikin kusan rabin lokacin da aka saba. Manufar ita ce a shayar da su har ɓarar farko, sannan a janye ruwan a hankali, domin ɓawon da ya yi saurin girma yakan zo da manyan ƙofofi. Abin dubawa shi ne yankin da ake wannan aiki ruwa na ƙaranci a cikinsa, kuma ruwan da ya yi yawa a gindi gayyatar cutar saiwa ne.

Nawa bishiya ɗaya ke bayarwa, kuma ina ɓawon ke zuwa daga gona?

Matsakaiciyar babbar bishiya tana ba da kilo 40 zuwa 60 a ɗiba ɗaya. Akwai waɗanda suka fita daban, kamar tsohuwar nan ta ƙauyen Águas de Moura a gundumar Palmela, wadda ake kira Mai Fito saboda kukan tsuntsayen da ke taruwa a kanta. An shuka ta wajen 1783, ta ba da fiye da kilo 1,200 a ɗiban 1991, kuma ita aka zaɓa bishiyar shekara ta Turai a 2018. A Fotugal da ma'aunin arroba ake ciniki, kilo 15 ke nan, farashi kuma ya danganta da kauri da ƙarancin ƙofofi.

Daga gindin bishiya ana kwashe allunan da tarakta, a duwatsun Los Alcornocales na kudancin Sifen kuwa har yau alfadarai ke sauko da su. Ana jera su a fili aƙalla wata shida, a kan siminti ko wani abin da zai raba su da ƙasa, saboda funfunar ƙasa na jawo wani wari da ke ɓata matoshi. Bayan haka a tafasa su kamar awa guda, su miƙe su ƙara kauri, a bar su su huta 'yan kwanaki ko makonni, a tantance, a yanka tsiri-tsiri, sannan a huda matoshin. Ragowar da ta fita daga hudar ana niƙa ta a haɗa da ɓawon farko da na biyu, ƙurar da ta rage kuma ita ake ƙonawa a tafasa ruwan masana'anta. Yawancin masana'antun matoshi suna arewacin Fotugal, a gundumar Santa Maria da Feira kusa da Porto, nesa da gandunan kudu inda ɓawon ya fito.